Tarihin Likita Harvey Cushing, Uban Masu Fiɗar Ƙwaƙwalwa

Ina so in yi amfani da wannan fili na mujallarmu in ba da tarihin wani likita mutumin Amurka, wanda ya rasu tun cikin shekarar 1939. Sunansa Harvey Cushing. Ni ɗan Dandin Mahe ne, na kuwa san wani zai ce me ya haɗa mutanen ƙasar Shagari da Boɗinga da Baturen da ko hanyar garinmu bai taɓa sani ba. Abin da ya haɗa mu shi ne ciwo, domin ciwo ba ya tambayar garin mutum. Akwai wani irin ƙari da yake tsirowa daga jijiyoyin jini a cikin ƙwaƙwalwa ko a lakar gadon baya. Ba daji ba ne, amma in aka bar shi yana kisa, in kuma aka cire shi da wuri mutum yakan warke sarai. Wannan likita da abokin aikinsa su suka raɗa wa ƙarin suna, shi ne kuma ya koya wa duniya yadda za a buɗe kan mutum a rufe, mutumin ya tashi da ransa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Cushing ranar 8 ga watan Afrilu, 1869, a birnin Cleveland na Jihar Ohio. Shi ne auta cikin 'ya'ya goma. Ubansa likita ne, kakansa likita ne, haka ma uban kakansa, watau dai barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Ya yi karatu a Jami'ar Yale ya gama a 1891, sa'an nan ya wuce makarantar likitoci ta Jami'ar Harvard da ke Bostan, ya sami takardar shaidar likita a 1895.

Tun yana ɗalibi wani abu ya same shi wanda ya kusa sa shi barin aikin. A zamanin nan ɗalibai ake sa wa su shaƙa wa majiyyaci maganin barci in za a yi masa fiɗa. Ran nan aka sa Cushing, yana cikin shaƙa wa wani majiyyaci maganin, sai majiyyacin ya cika a gaban 'yan ajinsu. Abin ya dame shi ƙwarai. Amma maimakon ya gudu, sai shi da wani abokinsa, Ernest Codman, suka ƙago wata takarda wadda za a riƙa rubuta bugun jini da numfashin majiyyaci a kai a kai muddin ana fiɗa, don mai ba da magani ya ga haɗari tun bai iso ba. Irin wannan takarda har yau ana cika ta a kowane ɗakin tiyata, har da na asibitocinmu.

A 1896 ya koma asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore, ƙarƙashin wani babban likitan fiɗa mai suna William Halsted. Kafin wannan lokaci gwanin fiɗa shi ne mai sauri. Halsted kuwa ya koya wa almajiransa akasin haka: a yi aiki a hankali, a tsare tsabta, a sa safar hannu ta roba, kada a dagargaza nama, a ɗaure kowace jijiya komai ƙanƙantarta. Cushing ya riƙe wannan karatu har ƙarshen ransa. A nan ne kuma ya shaƙu da William Osler, shahararren likitan nan, wanda ya zama masa kamar uba, ya kuma sa masa son tara tsofaffin littattafai.

Tafiyarsa Turai

A 1900 ya tafi Turai neman ƙarin ilimi, ya yi kamar shekara guda. A birnin Bern na ƙasar Siwizalan ya zauna wajen Theodor Kocher, ya yi gwaje-gwaje da dabbobi. A can ya nuna cewa in matsi ya yi yawa a cikin ƙoƙon kai, jiki yakan ɗaga ƙarfin jini don jinin ya iya kutsawa ya kai ga ƙwaƙwalwa, bugun zuciya kuma ya ragu. Likitoci har gobe suna kiran wannan alama da sunansa, in sun gan ta kuwa sun san majiyyaci yana bakin halaka. Da ya leƙa Italiya sai ya ga wani abin awon jini da ake ɗaura wa a damtse, wanda Riva-Rocci ya ƙago. Ya koma da irinsa Amurka, ya nace sai an riƙa awon jinin majiyyaci lokacin fiɗa. Ya kuma tsaya a Ingila ya yi aiki da Charles Sherrington a Liverpool. Da ya koma gida ya auri Katharine Crowell a 1902, suka haifi 'ya'ya biyar.

Yaƙinsa da zubar jini

Ya kamata mai karatu ya san halin da fiɗar kai take ciki a wancan lokaci. Ƙoƙon kai akwati ne rufaffe, ba ya buɗawa kamar fatar ciki. In wani abu ya tsiro a ciki, ba inda zai nufa sai ya danne ƙwaƙwalwa. Ga shi babu na'urar da za ta nuna wa likita inda ƙarin yake, sai dai ya yi ta tambayar majiyyaci, ya duba idonsa, ya gwada tafiyarsa da ƙarfin hannunsa, sa'an nan ya yi lissafi ya ce a nan abin yake. In an buɗe kuma, jini ya ɓalle, don fatar kai da ƙwaƙwalwa cike suke da jijiyoyi, ba a kuwa iya ɗaure na ƙwaƙwalwa da zare yadda ake yi a hannu ko ƙafa. Wanda ya tsira daga jini, sau da yawa ruɓar rauni ta kashe shi, domin ba a sami magunguna irin su fenisilin ba tukuna. Saboda haka manyan likitoci da yawa suka ɗauki fiɗar ƙwaƙwalwa aikin banza.

Cushing ya ƙuduri aniyar ba zai yi wani aiki ba sai wannan. Majiyyatansa na fari da yawa sun mutu, amma kowane ya mutu sai ya nemi izinin dangi ya bincika gawar, ya gano abin da ya faru, ya rubuta. Yana da hannun zane, don haka da ya fito ɗakin fiɗa sai ya zauna ya zana abin da ya gani. Ya ƙago wasu 'yan ƙananan matsai na azurfa da ake maƙala wa jijiya a tsai da jini, ya bayyana su ga likitoci a 1911. Fiɗa ɗaya takan ɗauke shi sa'o'i masu yawa, ba ya gaggawa, shi da kansa kuma yake canza wa majiyyaci bandeji daga baya.

Sunansa ya fito sosai a 1910, lokacin da ya cire wani babban ƙari daga kan Janar Leonard Wood, wanda a shekarar nan ya zama babban hafsan sojan ƙasa na Amurka. Janar ɗin ya warke ya koma aiki, ya yi shekara 17 yana hidima. Da ƙarin ya dawo a 1927, Cushing ya sake yi masa fiɗa, amma wannan karo bai tashi ba. A 1912 aka kira Cushing Harvard aka ba shi kujerar farfesan fiɗa da shugabancin likitocin fiɗa na sabon asibitin Peter Bent Brigham. A shekarar ce kuma ya fitar da littafi a kan wata 'yar ƙaramar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa girma da ƙibar jiki. A 1932 ya bayyana wata cuta da ƙarin wannan halitta yake kawowa, mai kumbura fuska da jiki, ita ma da sunansa ake kiranta.

Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ya tafi Faransa a 1915, ya sake komawa a 1917. A bakin daga ya yi ta fiɗar sojojin da aka harba a ka, har yakan yi amfani da maganaɗisu ya jawo ɓarɓashin ƙarfe daga cikin ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan watanni mace-macen masu irin wannan rauni a hannunsa suka sauko daga kamar 55 cikin 100 zuwa kamar 29. Wani abin tausayi, cikin waɗanda aka kawo da rauni a watan Agusta na 1917 har da Revere, ɗa ɗaya tilo da ya rage wa maigidansa Osler. Cushing yana wurin yaron ya cika. Bayan rasuwar Osler a 1919, shi ya rubuta tarihinsa, littafin ya fito a 1925, ya ci kyautar Pulitzer a 1926.

A ranar 1 ga watan Oktoba, 1926, ya gwada wata na'ura da wani masanin kimiyya mai suna William Bovie ya ƙera, wadda take yanka nama da lantarki tana ƙone bakin jijiya a lokaci guda. Majiyyacin ran nan wani dattijo ne wanda Cushing ya fara yi wa fiɗa kwanaki kaɗan kafin nan, jini ya tilasta masa tsayawa. Da wannan na'ura ya cire ƙarin. Daga nan sai ya shiga aika wa waɗanda ya sallama a da, yana ganin ba su fiɗuwa, su dawo. Wannan na'ura ita ta buɗe masa hanyar taɓa ƙari mai yawan jini, wanda shi ne abin da zan yi bayani yanzu.

Ƙarin jijiyoyin jini

A 1928 Cushing da almajirinsa Percival Bailey suka fitar da littafi a kan ƙari iri-iri da suke fitowa daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Suka rarrabe abu biyu da ake cakuɗawa a da. Na ɗaya jijiyoyi ne kawai da suka cukurkuɗe kamar zaren da ya harɗe. Na biyu kuwa ƙari ne na sosai, mai girma a hankali, wanda in an duba shi da madubin likita sai a ga ƙananan jijiyoyi birjik kamar saƙar gizo. Wannan na biyun suka sa wa suna himanjiyobilastoma, sunan da likitoci suke amfani da shi har yanzu.

Wannan ƙari ba shi da yawa. Cikin ƙari 100 da ake samu a cikin kai, kamar biyu ne kaɗai irinsa, ya kuma fi kama manya. Ya fi son ƙaramar ƙwaƙwalwa, watau wadda take wajen ƙeya, mai kula da daidaiton tafiya da motsin hannu. Yakan fito kuma a lakar gadon baya, ko a mahaɗar ƙwaƙwalwa da laka, ko a cikin ido. Sau da yawa shi kansa ƙarin ɗan ƙarami ne, ja wur, bai fi gujiya ko goro ba, amma yakan tara ruwa a gefensa cikin wata jaka wadda ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Jakar nan ita take danne ƙwaƙwalwa, ta toshe hanyar da ruwan kai yake bi, sai matsi ya taru. Daga nan sai ciwon kai, musamman da asuba, da amai, da jiri, da tangaɗi kamar mai maye, da dishi-dishin gani. In a laka yake, sai ciwon baya ko wuya, da mutuwar hannu ko ƙafa. Wani abin mamaki, waɗansu daga cikin irin wannan ƙari sukan fitar da sinadarin da yake sa jiki ya yi jini, har jinin mutum ya yi kauri fiye da kima.

Abin da likitocin zamanin Cushing suka tabbatar shi ne, tsiyaye ruwan jakar kaɗai ba ya magani, kamar mai kwashe ruwan rijiya ne ya bar idonta. Sai an nemo ɗan ƙarin nan da ke maƙale a bangon jakar an cire shi ɗungum, ba tare da an yanka cikinsa ba, don in aka huda shi jini ne zai ɓalle. In ya fita duka, yawanci ba ya dawowa, domin ba ya cin naman da ke kewaye da shi kamar yadda daji yake yi.

A nan ne kuma na ga wani halin kirki na Cushing. Tun a 1904 wani likitan ido Bajamushe, Eugen von Hippel, ya bayyana irin wannan ƙari a cikin ido. A 1926 wani matashin likita ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Lindau, ya gano cewa na ido da na ƙeya abu ɗaya ne, sau da yawa kuma masu shi suna da matsala a ƙoda da wasu kayan ciki. Cushing a lokacin ya riga ya shahara a duniya, Lindau kuwa ba a san shi ba, amma da Cushing da Bailey suka zo rubutu a kan cutar sai suka kira ta da sunan Lindau. Yanzu ana ce mata cutar von Hippel da Lindau.

An gano daga baya cewa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ƙari suna da wannan cuta ta gado, sauran kuwa haka kawai ya tsiro musu. Cutar takan sami kamar mutum ɗaya cikin 36,000. In uba ko uwa yana da ita, kowane ɗa da za a haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko zama wuri ɗaya. A 1993 masana suka gano ƙwayar gadon da take lalacewa ta kawo ta. Binciken wannan ƙwaya ya taimaka aka fahimci yadda jiki yake gane ƙarancin iskar da muke shaƙa, aikin da ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. A 2021 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani maganin sha, belzutifan, mai rage girman irin wannan ƙari ga masu cutar ta gado.

Halinsa da ƙarshen rayuwarsa

Mutum tara yake bai cika goma ba. Ga majiyyata Cushing mai tausayi ne, yakan roƙe su su riƙa rubuto masa takarda duk shekara don ya san halin da suke ciki. Ga almajiransa kuwa mai zafi ne, yakan ci mutuncinsu a ɗakin fiɗa a kan ƙaramin kuskure, ya kuma daɗe ba sa ga maciji da tsohon almajirinsa Walter Dandy, wanda shi ma ya zama gwani. Iyalinsa ba su sami lokacinsa sosai ba. A watan Yuni na 1926 babban ɗansa William ya mutu a haɗarin mota. Labarin ya iske shi da safe yana shirin fiɗa, ya shiga ya gama aikin, sa'an nan ya tafi ɗauko gawar. Waɗansu suna ganin wannan jaruntaka ce, waɗansu suna ganin aiki ya cinye shi. Ni dai ina ganin duka biyu gaskiya ne. Daɗin daɗawa mashayin taba ne ƙwarai, ta kuwa taimaka wajen lalata jijiyoyin ƙafafunsa, har tafiya ta riƙa yi masa wuya a ƙarshe.

Ranar 15 ga watan Afrilu, 1931, ya yi fiɗar ƙarin ƙwaƙwalwa na 2,000. A wannan lokaci waɗanda suke mutuwa a hannunsa ba su kai 10 cikin 100 ba. Wadda take riƙe da wannan lissafi wata mace ce, Louise Eisenhardt, wadda ta fara da taya shi aikin rubutu, ta koma makaranta ta zama likita, ta kuma zama gwanar gane ƙari da madubi. Ya bar Harvard a 1932, ya koma Yale a 1933, ya tafi da kwalaben ƙarin da ya tara da takardun majiyyatansa, waɗanda suke ajiye a can har yau. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 7 ga watan Oktoba, 1939, yana da shekara 70. Da aka bincika gawarsa sai aka sami wata 'yar jaka ta ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwarsa shi ma. Littattafansa ya bar wa Jami'ar Yale gado.

Abin da ya shafe mu

Wannan ilimi ya iso Nijeriya a 1962, lokacin da Latunde Odeku, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a fiɗar ƙwaƙwalwa, ya dawo daga Amurka ya kafa sashenta a asibitin koyarwa na Ibadan. Ya rasu a 1974 yana da shekara 47. Mu kuma a nan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa da laka, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi ɗawainiyar kafawa. Likitocin yanzu suna da na'urorin da suke ɗaukar hoton cikin kai ba tare da an tsaga fata ba, abin da Cushing bai taɓa gani ba. Daga Dandin Mahe zuwa Sakkwato ba tafiyar kwana ba ce.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, da girmamawa, su lura da wannan. Yawancin ciwon kai ba ƙari ba ne, zazzaɓin cizon sauro ne, ko hawan jini, ko gajiya da zafin rana. Amma in mutum ya yi makonni kansa yana ciwo, ciwon yana ƙaruwa, yana amai da safe, yana tangaɗi alhali bai sha komai ba, ko ganinsa yana raguwa, kada a tsaya ga cewa iska ce ko jifa, kada kuma a zarge shi da shaye-shaye. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti da wuri, domin idon da matsi ya kashe ba ya dawowa ko da an cire ƙarin daga baya. In kuma a gida ɗaya an sami mutum biyu ko uku da ƙari a kai, ko makanta tun da ƙuruciya, ko ƙari a ƙoda, a gaya wa likita, don a duba sauran dangi.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, masu irin wannan aiki sun yi kaɗan ƙwarai a ƙasarmu. Cushing bai fara da na'ura ba, ya fara da lura, da rubuta abin da ya gani, da ƙin ɓoye adadin waɗanda suka mutu a hannunsa. Waɗannan kuwa abubuwa ne da za mu iya koyo tun daga ajin kimiyya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya fitar da likitoci daga cikinmu, amin.